Taurari Jagoran Matafiya, Ma'aunin Magina



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da aka nemi in yi jawabi a kansa a wannan dare shi ne yadda al'ummomin da suka shuɗe, waɗanda ba su da agogo, ba su da allurar nuna arewa, ba su kuma da taswirar da mutum zai dogara da ita ya sa ransa a hanya, suka mai da sararin samaniya jagoransu wajen tafiya, suka kuma mai da shi ma'auninsu wajen gini. Magana ce mai rassa da yawa, saboda haka ku yi mini uzuri idan na daɗe a wata ƙasa, na ratsa wata da sauri.

Amma kafin mu ɗaura tafiya, wajibi ne in kau da wata shubuha, domin na san da yawa daga cikinmu, da zarar an ambaci taurari, sai zuciyarsu ta tafi wajen masu duba da bugun ƙasa. Malamai magabata sun kasa ilmin taurari kashi biyu. Akwai ilmin ta'asiri, watau da'awar cewa tauraro kaza shi ke jawo wa mutum arziki ko tsiya, wannan kuwa shari'a ta hana shi, hankali ma bai karɓe shi ba. Akwai kuma ilmin tasyiri, watau sanin yadda rana da wata da taurari ke tafiya bisa ƙa'idar da Mahaliccinsu ya ɗora su a kai, domin a gane lokaci da jiha da alƙibla; wannan Alƙur'ani mai girma ya ambaci amfaninsa ga matafiya a Suratul An'ami da Suratun Nahli, har ma wasu fuƙaha'u suka ce koyon dalilan alƙibla wajibi ne a kan mai niyyar tafiya. Kashi na biyun nan shi ne zancenmu. Ko da yake wasu daga cikin mutanen da zan ambata sun bauta wa rana da taurari, Allah ya tsare mu, ɓatan aƙidarsu bai ɓata daidaiton awonsu ba, awon kuwa shi muka zo dubawa.

To, mene ne a sama wanda har mutum zai dogara da shi? Duk wanda ya taɓa kwana a waje da bazara ya san taurari fitowa suke yi daga gabas su faɗa yamma, yadda rana take yi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, sai wanda ya daɗe yana kallo daga wuri guda, shi ne kowane tauraro yana da mafitarsa da mafaɗarsa waɗanda ba ya sauya su: idan yau ya ɓullo ta bayan wata kuka da ke gabas da gidanka, ta bayan kukar nan zai ɓullo gobe, da baɗi, da zamanin jikokinka, sai dai kullum yana riga lokacinsa na jiya da misalin minti 4, har shekara ta zagayo. Ke nan wurin fitowarsa yana nuna jiha, lokacin fitowarsa yana nuna kwanan shekara. Rana kuwa mafitarta gusawa take yi arewa sannu a hankali har wajen 21 ga Yuni, ta tsaya, ta juyo kudu har wajen 21 ga Disamba, ta sake tsayawa, ta komo. Sa'an nan akwai wuri guda can arewa wanda dukan sama ke kewaya shi kamar dabba a turke, dab da shi kuwa akwai tauraron da Larabawa ke kira Jadyu, mu kuma mu ce tauraron arewa. Falalarsa ita ce tashinsa daga ƙasa yana nuna iyakar nisan da mai kallo ya yi arewa: idan aka kasa da'irar sama daraja 360, mutumin Kano yana ganinsa a kan daraja 12, na Agadas 17, na Makka 21, na Alƙahira 30, wanda kuwa ya gangara kudu har ya ƙetare layin da ya raba duniya biyu, sai ya rasa shi ɗungum.

Bari mu fara da magina, mu kuma fara da nahiyarmu. A cikin hamadar kudancin Masar, kimanin kilomita 100 yamma da Abu Simbel, akwai wani kwari da ake kira Nabta, wanda yau ko ciyawa babu a cikinsa, amma shekaru 7,000 da suka wuce tafkin damina ne, makiyaya suna sauka bakinsa da shanunsu. Masu tonon kufai sun tarar da wata 'yar da'ira ta duwatsu a wurin, faɗinta misalin mita 4, an bar mata ƙofofi huɗu masu duban juna biyu-biyu, layi ɗaya ya miƙe kudu da arewa, ɗayan ya nufi inda rana ke fitowa a ƙarshen gusawarta arewa, watau sa'ad da ruwan sama ke gab da isowa yankin. Ni dai 'yar da'irar nan ta fi taɓa mini zuciya bisa manyan gine-ginen da suka biyo bayanta, domin a cikinta ake ganin asalin al'amarin tsirara: makiyayi ne mai son sanin ranar da tafki zai kawo.

Irin wannan buƙata ce ta koya wa Misirawa lissafin shekara. Rayuwarsu duka ta rataya ga ambaliyar Nilu, wadda ruwan saman tsaunukan Habasha ke haddasawa, alhali su ba sa ganin ruwan, sakamakonsa kurum suke gani. Sai suka lura Shi'ira, wanda ya fi kowane tsayayyen tauraro haske, wanda kuma aka ambaci sunansa a Suratun Najmi, yakan ɓuya cikin hasken rana kimanin kwana 70, sa'an nan wata asuba a cikin watan Yuli ya leƙo daga gabas jim kaɗan kafin hudowar rana, leƙowar tasa kuwa takan dace da soma hauhawar kogi. Suka riƙe wannan asuba mafarin shekara, suka tsara wata 12 mai kwana talatin-talatin, da ƙarin kwana 5, jimla 365. Kuma wannan lissafi ne, bayan Rumawa sun ƙara masa kwana guda a kowace shekara huɗu, ya zama tushen kalandar Miladiyya.

Babbar dalar Giza, wadda aka gina wa Fir'auna Kufu wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, kowane gefenta mita 230 ne, tsawonta na asali mita 146. Girman nan kowa ya ji labarinsa. Abin da ya fi girman ban al'ajabi shi ne ɓangarorinta huɗu sun fuskanci gabas da yamma da kudu da arewa da daidaiton da kuskurensa bai wuce kashi 1 cikin 15 na daraja guda ba, alhali kuwa a wancan zamani Jadyu bai matso kusa da turken sama ba tukuna, domin turken da kansa gusawa yake yi, yana kammala zagaye cikin shekaru kimanin 26,000. Maginan ba su bar rubutun yadda suka yi ba. Wasu masana suna ganin sun rataya igiya mai nauyi a bakinta, suka jira har taurari biyu da ke kewaya turken suka jeru ɗaya bisa ɗaya a kan igiyar. Wasu kuma suna ganin da inuwa suka yi aiki, ta hanyar da malaman Musulunci daga baya suka kira da'ira hindiyya, wadda kowannenku zai iya jarrabawa gobe a tsakar gidansa. A share wuri ya yi sumul, a kafa sanda a miƙe, a zana da'ira kewaye da ita da igiya. Da hantsi, sa'ad da inuwa ke raguwa, a aje tsakuwa inda kan inuwar ya taɓa da'ira, da la'asar kuma, sa'ad da take ƙaruwa, a aje wata tsakuwar inda ya sake taɓawa. Layin da ya haɗa tsakuwoyin nan shi ne gabas da yamma, wanda ya ratsa tsakiyarsa daga gindin sanda shi ne kudu da arewa. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya, sauran duk haƙuri ne da kula. Shi ya sa raina yakan ɓaci idan na ji ana cewa wai aljannu ne, ko wasu halittu daga wata duniya, suka yi wa Misirawa wannan aiki. Wannan tauye haƙƙin mutanen ne, waɗanda an tono unguwar ma'aikatansu, da wuraren da ake toya musu gurasa, da kaburburansu, nan kusa da gindin dalar.

Kimanin shekaru 1,300 bayan Kufu, Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙe masa wurin bauta a cikin dutse a Abu Simbel, zurfinsa misalin mita 60, a ƙuryarsa gumaka huɗu a zaune. Ƙuryar nan a cikin duhu take shekara duka, in ban da 'yan kwanaki wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, sa'ad da hasken rana mai hudowa kan kutsa ta ƙofa, ya bi tsakanin ginshiƙai, ya ratsa ɗaki bayan ɗaki, ya sauka a kan gumaka uku har da na Ramsis, ya bar na huɗu, wanda suke dangantawa da duhu, a cikin duhunsa. Da madatsar ruwa ta Aswan ta tashi cinye wurin, aka yayyanka dutsen gunduwa-gunduwa daga 1964 zuwa 1968, aka ɗaga shi mita 65 sama, injiniyoyi suna ta kaffa-kaffa kada fuskar ginin ta kauce, kuma har yanzu hasken yana shiga.

Sauran ƙasashe zan ratsa su da sauri. A Ingila akwai da'irar Stonehenge, wadda aka ɗaga manyan duwatsunta wajen 2500 kafin Miladiyya, aka daidaita tsakiyarta da fitowar rana a yinin da ya fi tsawo da faɗuwarta a yinin da ya fi gajarta. A Meziko, mutanen Maya, waɗanda suka bi sawun Zuhura, watau Gamzaki da asuba, Zara da magariba, har suka san zagayenta kwana 584 ne, sun gina dala a Chichen Itza mai matakala huɗu, kowace taki 91, in an haɗa da dandamalin sama 365. Amma wanda nake so ku riƙe shi ne kabarin Newgrange a ƙasar Ailan, wanda ya girmi dalar Giza da shekaru wajen 600. Tudu ne babba, da siririn lungu mai tsawon mita 19 zuwa ɗakin ciki, bisa ƙofarsa kuma an bar wata 'yar taga. Mutanen yankin sun gaji labarin cewa rana takan shiga kabarin wani lokaci a shekara, amma labari ne kurum, har sai da Farfesa Michael O'Kelly, mai tonon wurin, ya shiga ya zauna a ciki da asubahin 21 ga Disamba 1967, ya ga zaren haske ya shigo ta tagar ya miƙe zuwa ɗakin ciki. Minti 17 hasken nan ke yi ya janye. Ku duba fa: dutse ya riƙe jihar da aka nuna masa shekaru 5,000, amma bai riƙe bayanin ba, domin bayani a ƙirazan mutane yake, kuma ranar da silsilar malami da almajiri ta yanke, ranar ya tafi.

In haka ta samu ilmin magina, wanda ke da dutse, ina ga ilmin matafiya, wanda ba shi da wurin zama sai ka da baki? Waɗanda suka fi kowa ƙoƙarin ɗaure shi da ƙa'idoji da rubutu su ne matuƙan Tekun Indiya, Larabawa da Farisawa da Indiyawa da Sawahilawa, waɗanda iskar wani lokaci na shekara ke kai su daga Adan da Maskat zuwa gaɓar Malabar, iskar wani lokacin ta komo da su. Shugaban tuƙi a jirginsu mu'allimu ake ce masa, mafi shahara a cikinsu kuwa Shihabuddini Ahmad bin Majid, mutumin Julfar, inda yau ake kira Ra'asul Khaima, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa da kakansa, ya wallafa Kitabul Fawa'id wajen 1490, ban da waƙoƙi masu yawa da ya tsara domin matuƙa su haddace hanyoyi. Sun kasa kewayen sama gida 32, kowane gida da sunan tauraron da ke fitowa ko faɗuwa a cikinsa, saboda haka mu'allimu cewa yake yi a nufi mafitar Suhailu, ko mafaɗar Surayya. Ma'auninsu kuwa yatsa ne, sun ƙayyade shi har da'ira ta zama yatsa 224. Ku dubi yadda ake yi. Da magariba, a ɗan taƙin nan da taurari suka soma bayyana alhali bakin teku bai ɓace cikin duhu ba, mu'allimu zai ɗauko wani ɗan allo mai igiya a tsakiyarsa, wanda aka sani da suna kamal, igiyar tana da ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli na wata tashar jiragen ruwa ne. Zai ciji ƙullin garin da ya nufa, ya miƙa allon gabansa har igiya ta ɗame, ya saita gindinsa da inda ruwa ya haɗu da sama. In Jadyu ya zauna daidai bisa kan allon, jirgi ya kai layin garin, sai a juya a miƙe gabas ko yamma, a riƙe tauraron a wannan matsayi dare bayan dare har ƙasa ta bayyana. In ya haura allon, an yi arewa da yawa, in ya gaza, an yi kudu. Da yake a zamaninsu Jadyu yana nesa da turken da fiye da daraja 3, sukan jira Farƙadani, taurari biyu maƙwabtansa, su kai wani matsayi sananne kafin su yi awo, in kuma suka gangara wajen Kilwa da Sofala, inda Jadyu ya nitse, sai su koma auna Farƙadanin da kansu da taurarin Banatu Na'ashi.

Mutanen tsibiran Tekun Fasifik kuwa ba allo, ba rubutu, amma sun kai Hawai, sun kai Rapa Nui, sun kai Niyu Zilan, a cikin jiragen katako masu filafilan tabarma. Wasu marubutan Turawa suka ce sam, wannan ba da gangan ba ne, iska ce ta kwashe su ta zubar. A Hawai kuwa babu sauran mai sanin da zai mai da martani, domin silsilar ta riga ta yanke. Sai aka je can wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Satawal aka samo Mau Piailug, wanda kakansa ya soma koya masa tun yana ƙaramin yaro, da tsakuwoyi da ake jerawa da'ira a ƙasa, kowace tsakuwa mafitar wani tauraro ko mafaɗarsa, ya haddace wanda ke bin wani a kowane gida tun magariba har asuba, ya kuma koyi jin bugun igiyar ruwa a jikin jirgi domin daren da hadari ya rufe sama. Ranar 1 ga Mayu 1976 ya tashi daga Hawai da jirgin Hokule'a, ba na'ura ko ɗaya, ranar 4 ga Yuni ya sauka Tahiti, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Amma a ganina babban aikinsa shi ne da ya yarda ya zauna ya koyar da samarin Hawai, ko da yake al'adarsu ba ta fitar da wannan sani waje, har almajirinsa Nainoa Thompson ya ja jirgin da kansa a 1980. Mau ya rasu a 2010, ilmin bai bi shi kushewa ba.

Yanzu mu komo gida, domin hamada ita ma teku ce a wajen matafiyi. Ibn Baɗuɗa, da ya ratso Sahara a 1352 daga Sijilmasa ta Taghaza zuwa Walata, ya ba da labarin cewa a zangon ƙarshe da dare suke tafiya saboda zafi, kuma jagoransu ido guda gare shi, shi ma mai ciwo, amma ya fi kowa sanin hanya. Wannan yana nuna mana cewa sanin taurari ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana haɗe da sanin ƙasa da iska da kwanciyar rairayi. Har yau ayarin gishiri na Azbinawa yana tashi da kaka ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantu da dabino zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, rayukan mutane da raƙuma duka a wuyan madugu suke, wanda in ya kauce wa rijiya guda, shi ke nan. Da rana yana duban inuwa, da dare yana duban abin da ke fitowa gabansa, kuma a wannan lokaci na shekara Surayya, wadda muke kira Kaza da 'ya'yanta, tana ɓullowa da farkon dare gabas maso arewa, sa'an nan Jauza'u, wanda Azbinawa ke kira Amanar, ya biyo ta, taurari ukun nan da suka jeru a tsakiyarsa suna fitowa daidai gabas.

Manomanmu ma suna da rabonsu, domin manzilolin wata guda 28, waɗanda Larabawa suka lissafa tun kafin Musulunci, Ibn Ƙutaiba kuma ya tattara bayaninsu a Kitabul Anwa'i, sun shigo ƙasar nan tare da malamai, suka zauna daram. Kowane tauraro, watau manzili, kwana 13 yake yi, Jabha kaɗai ke yin 14, jimla 365. Dattijon da ka tambaya wane tauraro muke ciki, zai ƙirga maka taurarin damina, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan, ya gaya maka wanda in ya wuce shukar gero ta zama kasada, sa'an nan ya ƙara da cewa ruwa na Allah ne, tauraro alama ce kawai. Ka ga ilmin tasyiri ke nan tsantsa, a bakin mutumin da mai yiwuwa bai taɓa jin sunan fannin ba.

Inda ilmin magini da na matafiyi suka haɗu kuwa shi ne alƙibla, domin mai gina masallaci yana neman hanyar Makka ne ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Sahabbai, Allah ya yarda da su, da suka gina masallacin Amru bin Asi a Fusɗaɗ bayan buɗe Masar, mafitar rana ta tsakiyar hunturu suka riƙa ta zama alama. Daga baya masana hisabi suka warware mas'alar da lissafi, har Al-Biruni ya wallafa littafi sukutum a 1025 domin fitar da alƙiblar Ghazna, manyan masallatai kuma suka riƙa ɗaukar ma'aikaci na musamman, muwaƙƙiti, mai kula da lokutan salla, irin su Ibn Shaɗir na masallacin Umawiyyawa a Dimashƙa. Bisa wannan lissafi, alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin daraja 22.

Ina da roƙo biyu gare ku. Na farko, ga matasanmu masu karatu: dattawan da suka san sunayen taurari da Hausa da Fulatanci da Tamashek, madugai da makiyaya da manoma da malaman zaure, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, hasken lantarki kuma ya soma ɓoye wa 'ya'yan birni sama. Kowa ya je wurin wanda ke garinsu, ya zauna da shi a fili da dare, ya bar shi ya nuna da hannunsa, ya rubuta sunan tauraro, da wurin fitowarsa, da lokacinsa, da abin da ake yi in ya fito. Na biyu, ga limamai da masu ginin masallatai: sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27, watau ƙarfe 10:18 da 10:27 na safe a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, 9:18 da 9:27 a Gana. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba. Ku kafa sanda a miƙe a harabar masallaci, ku ja layi bisa inuwarta, alƙibla tana wajen da ya saɓa wa inuwar. Ku fi dogara ga ta watan Mayu, domin ta Yuli sau da yawa hadari yakan rufe ta, kuma ku kira yaran makarantar allo su tsaya su gani da idonsu.